Gwaggo Mai Shara da Kifayen Likita

Ɗiyata ta uku, wadda ke miƙa wa likitan haƙori kayan aiki, ita ta fara ba ni labarin Gwaggo Mai Shara. Rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara min baki.

Shekara goma sha ɗaya Gwaggo tana goge ɗakin jiran likitan nan. Miji ya rasu, 'ya'ya sun watse, daga ita sai bokitinta. Hali ɗaya gare ta: ba ta iya kai loma baki wani mai rai yana kallonta.

Sai likita ya kawo akwatin gilashi, ya cika da ruwan gishiri irin na teku, ya zuba kifaye kamar an tsoma su a fenti. Wai don masu ciwon haƙori su manta da kukan injinsa. Ya ɗauki wani dattijo, Mai Kifi, yana zuwa duk Litinin ya canja ruwa. Doka ɗaya ce: abinci sau ɗaya a rana, abin da yatsa biyu suka ɗauka.

To a gaban gilashin nan Gwaggo ke zama ta ci burodinta. Kifaye su taru suna buɗe mata baki. Ta ce, "Bayin Allah, horon yunwa ake muku?" Sai ta jawo gwangwanin abincinsu ta zazzaga. Safe, rana, da in za ta tafi. Ita dai lada take tarawa.

Wata biyu, gilashi ya yi kore, wani kifi mai ratsin ruwan lemo ya kwanta a yashi yana haki. Mai Kifi ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ruwa ya yi jajir. Naitiret suke ce masa, dattin da kashin kifi da ragowar abinci ke zama, ido ba ya ganinsa.

Likita ya ce, "Malam, in kwalbar nan ta sake ja, kar ka dawo." Kuma wannan ne aikin da ya rage wa tsohon.

Gwaggo tana goge ƙarƙashin kujera. Ta miƙe, ta dafe ƙugu. "Likita, ƙyale bawan Allah. Ni ce nake ba su."

"Haba Gwaggo! Kifi ai ba ya ƙoshi!"

"Kai ma haka, ɗan nan. Ni ke kwashe kwandon sharar ofishinka."

Mai Kifi ya ce, "Baiwar Allah, duk abin da suka ci, a ruwan nan suke sauke shi, a ciki kuma suke numfashi."

"A'uzu billahi! Ashe masai na gina musu!"

Matar da ke wanke bokiti sau uku, wannan maganar ba ta haɗiyu mata ba. A ranar ta sa tsohon ya koya mata: a zuƙe kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da tiyo, har dattin yashi, a wanke soson tace ruwa, a dama sabon ruwa da gishirinsu, ba na girki ba. Mako huɗu, kwalba ta koma rawaya, mai ratsin lemo ya tashi.

Yanzu haka Mai Kifi na nan yana zuwa duk Litinin, ita ke riƙe masa tiyo tana yi masa faɗa. In lokacin burodi ya yi, sai ta yafa wa gilashin tawul, ta ce, "Ku yafe ni," ta juya baya ta ci abinta.