Turken da Bai Ƙi Ba

Sunan da aka san shi da shi a unguwar bakin kogi shi ne Baba To, domin kome aka ce masa sai ya ce to. A aro tsaninsa, to. A mayar da shi a karye, to. Matarsa ta ce da a ce kada zai fito daga kogi ya nemi aron ƙafarsa, da tuni yana ɗingishi.

Sana'arsa kafa turakun gadar katako, wadda mutane ke bi ta saman ruwa idan kogi ya cika ya shanye hanya. Yayansa ke karɓo aiki, shi kuwa yana ƙasa cikin laka har ƙugu, yana dukan kan turke da guduma. Ƙa'idar aikin ɗaya ce: a yi ta duka har turke ya ƙi shiga. Wanda ya ƙi shiga, ya taka ƙasa mai ƙarfi ke nan. Wanda ke ta shiga ba musu, laka kawai yake ci, kuma ba a ɗora masa katako.

Wata shekara damina ta matso, saura turke ɗaya a lanƙwasar da ke kusa da gidan Yaya. Aka buga, ya shige. Aka ƙara masa tsawo, ya sake shigewa. Yaya ya duba hadari, ya ce a bar shi haka a shimfiɗa katako.

"Yaya, bai ƙi ba," in ji Baba To.

"Na ce a shimfiɗa."

"A'a."

Yaya ya tsaya yana kallonsa kamar akuya ce ta yi magana. Tun suna yara bai taɓa jin wannan kalma daga bakin ƙanensa ba, kuma ta yi masa ciwo. Ya kira wani kafinta ya ƙarasa aikin. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a tsaitsaye.

Abin haushi, turken bai faɗi ba. Ambaliya ta zo ta wuce, ta sake zuwa, yana nan. Mutane suka yi ta yi wa Baba To dariya, wai sau ɗaya ya ce a'a a duniya, shi ma bai dace ba. Shi kuwa in ya iso lanƙwasar sai ya naɗe wando ya bi ta ruwa. Yana kewar yayansa ƙwarai, kuma ya kasa cewa ya yi kuskure, don bai yi ba.

Yaya ya rasu ana tsakiyar cikar kogi, kuma babu hanyar fita da shi sai ta gadar. Da masu ɗaukar gawa suka taso da jama'a a bayansu, aka nemi ƙanen mamaci ya kama gaba, ba a gan shi ba. Wata mata ce ta leƙa ta tsakanin katako ta hango shi a ƙasa, ruwa har ƙirji, ya tokare turken da kafaɗarsa. Bai motsa ba sai da na ƙarshe ya wuce.