Cikin Gulbi, Babu Linzami

Dokin na mahaifina ne, bikili, shi ya faɗo hannuna da aka raba gado. Da shi nake zuwa gonarmu ta fadama daga Zagga, da shi nake kai wa mahaifiyata gaisuwa a wani ƙauye dab da iyakar Dahome. A damunar shekarar da aka samu 'yancin kai ƙudan tsando ya cije shi, ciwon sammore ya kama shi. Ni da taurin kaina na ce lalaci ne kawai. Na ɗora masa sirdi muka kama hanyar Kende, ƙafafunsa na gaba suka lanƙwashe a wata gangara, na yi sama na dawo a kan ƙugu.

Wata uku na yi a hannun maɗori. Jama'a na ta murnar sabuwar tuta, ni ina koyon zagawa bayan gida da sanda. Dokin kuwa wani dattijo Bafillace, aminin mahaifina, da muke kira Baffa, shi ya ja shi zuwa rugarsu. Ya kai shi aka yi masa allura wurin malamin dabbobi, ya ci gaba da jinyarsa da kanwa da dussa da harawa.

Bayan girbi aka dawo da shi ya murmure, gashi har sheƙi yake. Ni ne ban warke ba. Ƙashi ya ɗoru, amma da na sa ƙafa a likkafa sai in tuna gangarar nan. Sau uku ina hawa, kowane karo na damƙe linzami na ja da ƙarfi, doki ya yi ta kaɗa kai yana ja da baya, ni kuma na dire. Na bi gari ina cewa ciwon ya taɓa masa kai. Ƙarya nake yi. Tsoro nake ji, kunya kuma ta hana ni faɗa ko ga matata.

Yayana, wanda shi ne babba a gidan, ya gaji. Ya ce doki ba tunkiyar layya ba ne da zai zauna a turke yana ci. Akwai wani mutumin garin Lafagu da ke son saye, in har Juma'a ta zagayo ban hau ba, zai zo ya tafi da shi. Na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo, amma ni kaina na san ba ni da gaskiya.

Ran Lahadi da hantsi Baffa ya zo. Bai tambaye ni komai ba, ya buɗe bakin dokin ya kira ni. Duk dasashin ya daddauje, linzami ya ci shi.

"Dokin ga lahiyatai lau," in ji shi. "Kai ka jin tsoro, shi ka shan wuya."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya ce in bar sirdi da linzami a gida, ya sa wa dokin ragama kawai, muka nufi gulbi inda shanunsu ke shan ruwa. Ya ja shi ciki har ruwa ya kai masa ƙirji, sannan ya waiwayo.

"Hau, Kaɗo. In ka hwaɗi, ruwa za ka sha, babu abin karyewa."

Haka suke yi wa ɗan doki mai gardama, in ji shi, bai dai taɓa yi wa mai gemu ba. Na hau, na kuwa faɗi, har sau biyu. Mata masu wanki suka yi dariya son ransu, na fito ina tari ina zagin ruwan. A hawa na uku, da babu abin ja, sai na riƙe geza. Na ji numfashinsa a cinyoyina, yana takawa sannu sannu kamar mai ɗauke da ƙwai.

Kwana huɗu muna haka. A na biyar Baffa ya shige gaba yana ba ni labarin yadda mahaifina ya taɓa ɓata a dajin nan yana neman raƙumin wani. Ina ta dariya ina ƙaryata shi, sai na ji ƙarar kofato a kan tsakuwa. Ashe mun daɗe da fita daga ruwa, ragamar ma tana hannuna. Gabana ya faɗi, amma ban ja ba, dokin kuma bai tsaya ba.

A bakin gari Baffa ya juya wurin shanunsa. Na fara godiya ya ɗaga mini sanda kawai. Har ya bar duniya ban samu na gode masa yadda nake so ba, shi ya sa ba na sallah ban sa shi a addu'a ba.

Ran Juma'a mutumin Lafagu ya zo da igiyarsa, suna zaune da Yaya a ƙofar gida sai ga ni daga gulbi, wando jiƙe sharkaf, a kan doki. Yaya ya daɗe yana kallona, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya juya ga baƙon.

"Ka yi haƙuri, Malam. Dokin ga yana da mai shi."