Mode Mai Iyaka

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, Mode ya haura tamanin. Sa'o'insa duk sun riga mu gidan gaskiya, shi kuwa yana nan garau a Kwalkwalawa, yana taka ƙasa kamar ɗan hamsin. Ba malami ba ne, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Amma iyakar kowace gona, daga tudu har fadama, tana cikin kansa: wane gado ya ci, wane aro aka ba kakansa, wane ya matsar da tushen gamba da rani yana zaton ba a gani ba. Da an yi ruwan shuka rigima ta tashi, sai a ce a kira Mode. Ya ɗauki sanda ya je, ya jero kakanni har bakwai, rigima ta mutu. Mutane kan ce wannan kaifin kan ne ke riƙe da shi.

Sai arzikin fetur ya zo. Ɗansa Junaidu ya samu kwangila wajen soja, ya gina gidan siminti a unguwar Gawon Nama cikin birni, ya ɗauko tsohon. Tsakani da Allah, don tausayi ya yi. Ya saya masa katifa da fanka da rediyo.

"Baba, wahalar ta isa," in ji Junaidu. "Ina raye ba a ganin ka cikin rana kana rabon faɗa."

Duk wanda ya zo da maganar gona, a ƙofa ake sallamar sa, wai tsoho na hutawa. Kai, hutu! Ni dai ban taɓa ganin hutun da ya cinye mutum irin wannan ba. Wata shida Mode yana tambaya ko an zo neman sa, daga baya ya bari.

A damina ta uku wani maƙwabci ya shigo musu gonar gado da taku ashirin. Ba takarda, ba wani shaida sai tsohon. Junaidu ya sa shi a mota ya kai shi, jama'a suka taru.

"Baba, gwada musu iyakarmu."

Mode ya daɗe tsaye a gonar da ya yi shekara sittin yana nomawa. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, sannan ya juyo ga ɗansa cikin ladabi.

"Alhaji, wagga gonar wa ta?"

Junaidu ya durƙusa nan gaban mutane yana kuka. Kafin a yanke gero aka yi jana'izar Mode.