Goyo Ya Biya Goyo

A shekarar da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya gagari mutane, Allah Ya jarrabe ni da ciwon autana. Shekararsa bakwai. Likita ya ce ciwon daji ne a jini.

Ranar da aka fara sa masa maganin ta jijiya, ya yi ta amai yana kuka, ni kuwa na rasa yadda zan yi da shi. A gadon kusa da namu akwai wata mata daga wani ƙauye ta wajen Jibiya, tana jinyar ɗiyarta mai irin ciwon. Da aka cire robar ruwan, ta ɗauki yaron nan, ƙato da shi, ta goya da zanenta, ta yi ta zagaya baranda har ya yi barci. Na ce mata ta ɗora mini bashi. Ta yi dariya, ta ce goyo ai ba a bin bashinsa.

Bayan makonni, wata safiya na tarar tana ɗaure kaya. Gida za ta kai yarinyar, alhali magani bai kai rabi ba, kuma an faɗa mana duk wanda ya yanke, ciwon dawowa yake yi. Na zaunar da ita. Da ƙyar ta faɗa mini abin da ta daɗe tana haɗiyewa: ita ce ke aiken yarinyar daji yin itace. Tun da ta ji sunan ciwon ta tabbata can ta kwaso shi, kuma abin da aka kwaso a daji, maganinsa ba ya asibiti.

Na nuna mata autana. Na ce a cikin birni aka haife shi, nan Ƙofar Sauri, iyakar tafiyarsa gidan kakarsa a Ƙofar Kwaya, akuya ma tsoronta yake ji.

Ta ce, "To Yaya, shi a ina ya samo?"

"Inda taki ta samo. Ƙaddara ce, daji suna ne kawai aka sa wa ciwon. Ba ke kika jawo mata ba."

Ta rufe fuska da mayafi ta daɗe tana kuka. Na roƙi wata ma'aikaciyar jinya ta maimaita mata maganar, ta kuwa yi da haƙuri. Sannan matar ta kwance kayan.

A nan na gane ranakun dawowa da ake rubuta mata a kati ba ta iya karanta su, amma ta yi allo tana ƙarama. Na juya katin na rubuta mata su da ajami, yadda mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya koya mini. Ta bi da yatsa ta karanta Talata da kanta. Da maigidana ya yarda, suka riƙa sauka gidanmu tsakanin magani da magani.

Ranar da aka sa wa yarinyar maganin ƙarshe, likita ya ce sai a ci gaba da zuwa awo, sauran kuma na Allah ne. Ƙafafunta ba su ɗauke ta ba. Na kwance mayafina na goya ta, na sauka da ita matakala har bakin titi inda keke ke jira, autana yana biye da mu da sabon gashinsa mai laushi.

Uwar ta karɓe ta daga bayana, ta ce, "Yaya, yau dai kin biya."

Na ce alhamdu lillahi.