Wilin da Baba Ya Kafa a Bakin Gulbi

Shekarun baya, ban daɗe da gama karatun injiniya ba, mahaifina ya ɗauko wani aiki da ya hana ni sakat a garinmu Kamarawa. Maƙeri ne, bai taɓa shiga aji ba. Man injin niƙa ya yi tsada, mata na komawa gida da geronsu yadda suka kawo shi, sai ya ce shi gulbi zai sa ya yi niƙan.

Ya haɗa ƙaton wili da katako da tsofaffin ƙarafan mota, ya kafa a bakin ruwa, ya jona shi da dutsen niƙa. Damina biyu yana fama. Gari ya ɗauka wai maƙeri ya taɓu. Ni kuwa mai takarda, in na hango shi da laka har gwiwa sai in canza hanya.

Ran nan ya tare ni a zaure.

"Kai da ka yi boko, taho ka duba min wanga abu. Shina juyawa, amma ƙarfi nai bai kai ba."

Na ce, "Baba, duniya ta wuce nan. Ka bari a daina yi muna dariya."

Daga ranar bai sake kira na ba.

Wilin ya niƙa gero, na ga garin da idona, sai dai tsaki-tsaki ne. Bayan rasuwarsa ni na kira 'yan gwangwan suka kwance ƙarafan, maƙwabta suka yi girki da katakon.

Daga baya wurin aiki suka tura ni kwas wata ƙasar Turai, aka kai mu wani tsohon gidan niƙa a bakin teku. In teku ta cika, ruwa ya shiga tafki a rufe shi. In ta janye, a saki ruwan ya gangaro da ƙarfi ya juya wili. Gidan niƙan ya girmi kakan kakana, amma an gyara shi tsaf, ana zuwa kallo. Dattijuwar da ke kula da wurin ta ce har ana nazarin yadda zai ba unguwar lantarki.

Nan take na gane abin da na Baba ya rasa: wurin tara ruwa da gangara. Yini ɗaya ya ishe ni in gano haka, da na tsaya.

Da na dawo na nuna wa mahaifiyata hotunan. Ta daɗe tana kallo.

"To, da yake na Turawa ne ka yarda," ta ce. "Har babanka ya kwanta ciwo, in ya ji sallamarka sai ya ce a bar zancen gulbi, kar ranka ya ɓaci."

Yau daga Isa har Sabon Birni injiniya ake kira na, ina kuma amsawa. Waɗanda suka yi wa Baba dariya ban riƙe su ba, rashin sani ne. Ni da ilimina na yi.