Ganyen tumatir ɗin da ya yi mini saiwa

Ku 'yan aji uku masu fara tadribi, wato horon aiki, wannan zangon, ku ɗan ajiye hira ku karanta. Ni dai har gobe ban manta da wata safiyar Lahadi a Soba ba, kafin yaƙi, ranar da na buɗe ɗakin rainon tsiro na ga kwalabena ashirin.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba su taɓa shiga ma'amal, wato ɗakin gwaje-gwaje, ba. Ana yanko ganyen tumatir ɗan mitsitsi, a wanke, a ɗora kan wani abinci mai kama da kunun da ya daskare, a rufe kwalba. Bayan makonni sai bakin yankan ya kumbura, ya yi dunƙule fari-fari, shi ba ganye ba, shi ba komai ba. Ƙwayoyin halitta ne da suka ajiye aikinsu na da, suna jiran a ba su sabo. Sinadari biyu ne ke ba su umarni. In na toho ya rinjaya, toho zai fito. In na saiwa ya rinjaya, saiwa.

Ustaza Ihlas, shugabar ma'amal ɗin, toho take so. Tun ranar farko ta ce, "Babu kore, babu sa hannu." Kun san ma'anar wannan, in ba ta sa hannu ba sai maimaita zango.

Wanda ya ba ni awon sinadaran shi ne Ammu Usman, kawun kowa, ma'aikacin da ya fi kowa daɗewa a wurin. Ɗan Umdurman ne, Bahaushe irina. Ya rubuta a takarda da Larabci, daga dama: na saiwa ɗaya, na toho goma. Ni kuwa sarauniyar sauri, na zaro waya na kwashe lambobin kaɗai, daga hagu kamar yadda muke kwafar lacca. Goma, ɗaya. Halas, shi ke nan, na juya awon ban sani ba.

To ranar nan na sauko daga hafla, motar bas ɗinmu, da rawar jiki, har na shirya hoton da zan tura wa 'yan ajinmu. Ina dubawa, babu kore ko ɗigo. Wasu fararen zare ne suka fito daga dunƙulen suna nutsawa ƙasa, kwalba ashirin duka.

"Ammu, fumfuna ce ta cinye mini aiki."

Ya ɗaga kwalba ɗaya ya kai ta wajen fitila. Ya daɗe yana kallo.

"Fumfunar gidanku. Ya bitti, 'yata, saiwa ce wannan."

"Saiwa kuma? Ganye fa na saka."

"To shi ganyen ya ce miki ba ya iyawa?"

Ya ciro zare ɗaya ya sa mini a madubin ƙara girma. Jama'a, wallahi tsoron Ustaza sai ya bar kaina. Ga 'yan gashin saiwa sirara-sirara, ga wata 'yar hula a bakinta da take huda ƙasa da ita. Wannan abu bai taɓa ganin ƙasa ba. Uwarsa ganye ce, aikinta shan rana. Amma ya san yadda ake ƙera saiwa tsaf, ba wanda ya koya masa. Sai na ji bakina yana ta subhanallah shi kaɗai.

Ustaza ta shigo, ta dubi kwalabe, ta dubi wayata, ta dubi takardar Ammu. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

"Zainab, me ya faru?"

"Na karanta Larabci da idon Turanci, ya Ustaza."

"Wannan ke ce. Su fa, me ya faru da su?"

Na ce, "Kowace ƙwaya tana ɗauke da littafin tumatir gaba ɗaya. Ni ce na buɗe musu shafin saiwa."

"Tamam. Je ki buɗe musu ɗayan. Ba sabon ganye, wannan dunƙulen dai."

Na yanko ragowar dunƙulen da bai yi saiwa ba, na haɗa sabon abinci, Ammu na tsaye a kaina yana cewa, "Daga dama, 'yar nan, daga dama." Kusan wata guda ina leƙe kullum. Ran nan sai ga ɗigon kore. Kore fa, daga dunƙulen da jiya-jiya ya haifi saiwa. Bakwai suka yi toho cikin ashirin, Ustaza ta sa hannu ba ta ko ɗago kai ba.

A hafla ina komawa gida na riƙa kallon hannuna kamar sabuwar shiga duniya. Farce, fata, jijiya, duk daga ƙwaya ɗaya, kowa ya karɓi aikinsa ya riƙe.

Don haka in an ba ku awo, ku rubuta sunan sinadari kusa da lambarsa, ko da Ammu zai ce kun cika nawa. Abin da ke cikin kwalbar nan ba ya gardama, ba ya cewa ko kin yi kuskure. Duk abin da kika faɗa masa zai zama, kuma zai zama shi da kyau.