Littafina na Ajami da Kwamfutar Masaƙa

An kore ni daga masaƙa a Sharada da sunan na yi wa kwamfuta asiri, kuma mutumin da ya kai ƙarata ya san ƙarya yake yi. Da zato ya yi, da tuni na yafe. Ya sani sarai.

Ni ba ɗan boko ba ne. A firamare na tsaya, sai abin da na samu a makarantar allo. Da aikin lantarki na shiga masaƙar, ina gyara fanka ina canza ƙwan fitila. Da aka kawo kwamfutar, zamanin soja, aka ware mata ɗaki a bayan sashen rini, aka ce ni zan riƙa kula da na'urar sanyaya ɗakin, don in zafi ya yi mata yawa tsayawa take yi. Girmanta ya kai firiji biyu. Aikinta riƙe haɗin rini: wace atamfa, wane launi, awo nawa na kowane magani. Kullum da safe firinta ta fitar da kati, marina su ɗauka su yi aiki da shi. In babu kati, tukwanen rini a kashe suke wuni.

Wani Ba'indiye ne ya ɗora mata tsarin da take aiki da shi, Unix. A tef ya zo da shi daga wata jami'a a ƙasar waje, haɗe da rubutun asalinsa gaba ɗaya, wanda duk mai ido zai iya karantawa ya gyara. Shi da kansa ya gyara wurin da firintarmu ta ƙi ji. Yakan ce babu abin da aka ɓoye a cikin injin nan. Ya lura kullum ina tsaye a bayansa ina leƙe, sai wata rana ya jawo mini kujera. Shekara uku muka yi a haka kafin kwantiraginsa ya ƙare ya koma ƙasarsu.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma shi ne ke riƙe da ita. Ba a kashe ta kamar rediyo. Sai ka buga mata umarnin sync sau uku, ka jira ta gama ajiye abin da ke hannunta. Kowace Alhamis ka rage labarin da take rubuta wa kanta, in ba haka ba faifan da take ajiye komai a kai ya cika ta shaƙe. Babbar masifa ɗauke wuta. Kafin janareta ya kama, ta riga ta faɗi da rubutu rabi. In ta dawo, sai ka sa umarnin gyara, fsck, ya duba faifan, shi kuma ya dinga jero maka tambayoyi da Turanci: in goge wannan, in haɗa wancan? Ba a ce masa e a komai. Fayilolin da suka rasa sunansu yakan tara su wuri guda da lamba kawai, sai ka bi su ɗaya-ɗaya kana buɗewa, ka gane wannan shuɗin atamfar sallah ne, wancan jan yadin makaranta ne.

Turancina ba ya kai ni ko'ina, don haka na sayi littafi mai baƙin bango na riƙa rubuta komai da ajami. Abin da za a buga kaɗai nake sawa da boko. A tsakiyar littafin na zana gidaje, bakwai a tsaye bakwai a kwance, da lambobin Larabci, don in san wane tef ake sawa wace rana da abin da kowanne ya ɗauka. A tef ɗin nan muke ajiye kwafin abin da ke faifan, kowanne da lambarsa a jiki, don in ya lalace a maido. A cikin akwatin injin nake ajiye shi saboda ɓera.

Sai aka ɗauko mai digiri aka ɗora shi a kaina. Injiniya muke ce masa, ɗan Hotoro ne. Wallahi ban ji haushi ba, na san takarda ta fi ni. Makonsa na farko muka zauna ina karanta masa littafin shafi-shafi, yana juyawa da Turanci a fayil ɗinsa. Ya iya ajami, har wasali ya gyara mini a wuri biyu.

"Malam, ashe kai ma farfesa ne," in ji shi, "farfesan tawada."

Da muka kai shafin gidajen nan ya yi hamma ya ture littafin. "Wannan gidan dara ne. Bar shi, zan tsara nawa na zamani."

Bai taɓa tsarawa ba.

Marina ba su da ladabin ofis. In kati ya makara sai su turo ƙofa, su wuce shi yana zaune a kan kujera, su ce, "Injiniya, sannu da hutawa, ina mai injin?" Ina ganin yadda fuskarsa ke canzawa. Na yi musu magana sau biyu, ba su daina ba.

Yayana ya rasu a ƙauye, na tafi kwana uku. Ranar da na tafi aka ɗauke wuta da hantsi. Injiniya ya sa fsck, ya ce masa e a komai don ya gama da wuri, fayiloli suka salwanta. Ya ɗauko tef ba tare da duba shafin ba, ya ɗora tsoho a kan abin da ya rage. Sashen rini ya yi kwana biyu a tsaye. Da na dawo, tun daga bakin ƙofa maigadi ya ba ni labari. Na shiga na buɗe littafina, na ɗauko tef ɗin da ya dace, kafin la'asar firinta ta fara kuka. Shugaban marina, dattijo ne mai barkwanci, ya leƙo ya ce, "Ai mijinta ɗaya ne. Ta ji ƙamshinsa ta tashi." Aka yi dariya, har da ni. Injiniya bai yi ba.

Sati na zagayowa aka kira ni ofishin Alhaji, manajan ma'aikata. Littafina na kan tebur a buɗe daidai shafin gidajen, an shimfiɗa masa jarida a ƙasa. Alhaji ya ja kujerarsa baya, ko gefen teburin bai taɓa ba. Injiniya na tsaye jikin taga.

"Wannan hatimin na mene ne?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ba hatimi ba ne, jerin tef ne. Ku bari in karanta muku."

"Ba a ofishina ba."

"To ku kira limamin masallacin masaƙa ya karanta."

"Ba zan jawo liman cikin wannan ƙazanta ba."

Na juya wajen Injiniya na ce ya faɗa musu abin da ke ciki. Bai dube ni ba. Ya ce, "Ni dai a cikin cikin injin na same shi. Kuma kowa ya gani, in ba ya nan ba ta tashi. Ban ce komai ba."

Ban sani ba ko Alhaji ya yarda da gaske. Masu masaƙa na jiran ya kawo musu wanda ya tsayar da rini kwana biyu, ni kuma ba ni da kowa a sama. Ya sa aka naɗe littafin da jaridar, aka kai shi wutar tukunyar tururi. Ina tsaye aka jefa. Kafin azahar na karɓi takardar sallama.

Aikin ban damu da shi kamar sunana ba. Na je Bompai, inda na ji wani kamfanin roba ya kawo irin injin, maigadinsu ya ce, "Au, kai ne mai ɗaure inji?" Na je wata majema a Challawa, labarin ya riga ni. A Dorayi inda nake zaune, wani mai injin niƙa ya tare ni bayan sallar Juma'a, ya sassauta murya, wai in taimaka masa da ɗan abin da zai tsayar da injin maƙwabcinsa. Shekarata ashirin ina sallah a sahu ɗaya da mutumin nan. Na kafa rumfa a ƙofar gida na koma gyaran fanka.

Bayan damina, wata ranar Talata da la'asar, sai ga motar Injiniya. Ya rame. Ya tsuguna a bakin rumfar, shi da ko kujera bai taɓa miƙo mini ba.

"Malam, barka da aiki. Ya iyali?"

"Lafiya."

"Injin ne. Yau kwana huɗu. Faifan ya lalace, an samo wani, amma tef ɗin duk lambobinka ne a jiki. Na gwada uku, babu wanda ya tashe ta. Wanne ne mai ɗauke da tsarin gaba ɗaya? Lambar kawai za ka faɗa mini, don Allah. Akwai mutane da yawa a zaune babu aiki."

Na san lambar. Har yau na santa. Na kuma san marinan da ke zaune, da yawansu mun ci abinci a kwano ɗaya. Na ajiye sukundireba na dube shi.

Na ce, "Injiniya, lambar tana kaina, amma ba a rumfar nan zan faɗe ta ba. Ka koma ka tara Alhaji da marina da maigadi a bakin ƙofar masaƙa. Ka gaya musu ka karanta littafin nan da idonka, har wasali ka gyara mini. Ka gaya musu sunan da ka sa wa shafin, gidan dara, tun kafin ya zama hatimi. In ka faɗa, ka aiko, zan zo da ƙafata in tashe ta, ba na son ko sannu. In kuma ba za ka iya ba, ka je ka ce musu ni na ɗaure ta. Ai sun riga sun yarda da kai sau ɗaya."